Rufin Ɗakin Habsatu

A shekarar da aka rufe iyakar Nijeriya, wadda ita ce kuma shekarar da gero ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba, Manu ya dawo Matameye daga Kano da hular kwano a ka da metir na awo a aljihu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zuwa cin rani. Waɗanda suka zauna da shi a can sun ce aikinsa ɗaukar kwanon siminti ne daga ƙasa zuwa sama. Shi kuma ya ce benen da ake magana a kai, mai hawa bakwai, ba don shi ba da ko hawa biyu bai kai ba. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne.

Bai daɗe da dawowa ba ya tafi Damagaram neman katin ɗan ƙasa. Aka ce masa mai sa hannu ya fita, sai bayan la'asar. Yana ta zagaye kafin lokaci ya yi, sai ya ji hayaniyar magina a bayan wata katanga. Ya hau wata tsohuwar ganga ya leƙa. Wani furoje ne, wato aikin raya ƙasa, ke koya wa magina yin ɗaki ba azara, ba tol (kwanon rufi), ba siminti: tubalin ƙasa zalla, a jera shi zobe-zobe har ya haɗe a sama ya zama tulluwa. An kafa ƙarfe a tsakiyar ɗakin, an ɗaura masa waya mai juyawa, kowane tubali sai an kai shi daidai bakin wayar kafin a manna. Wani Nasara yana bayani, tafinta yana fassarawa. Ya ce kowace azara giginya ce aka kayar. Siminti kuma sai an gasa dutse da wuta mai yawa ake samunsa, hayaƙin ya hau sama ya ƙara wa duniya zafi. Ɗakin ƙasa kuwa ba ya cin itace, ba ya hayaƙi, da bazara kuma cikinsa sanyi. Akwai sauran bayani, amma injin niƙa na maƙwabta ya tashi, ganga kuma ta fara lotsawa. Manu ya sauko.

Da ya dawo gida ya ce ya yi karatun gini a wajen Nasara.

Lokacin ya dace da shi. Gwamnatin soja ta hana sare itace, rediyo ba shi da magana sai ta hamada, an kuma sanar cewa wani kaftin zai zagayo ya ga abin da kowane gari ya yi don tare ta. Abin da unguwarsu Manu ta yi shi ne dasa itatuwa ɗari biyu a bakin hanya, awaki suka cinye ɗari da casa'in. Sani, sarkin samarin unguwar, wanda shi za a tsayar a gaban kaftin, har ya rame. Don haka da Manu ya miƙe a taron samariya, ƙungiyar samarin unguwa, ya ce zai gina ɗakin da ba a taɓa gani ba daga nan har Icirnawa, Sani ya rubuta sunansa tun kafin ya zauna. Ba wanda ya tambayi inda za a gina.

Ɗakin da ya fi kowanne ƙarfin bango a gidan Manu na matarsa ne, Habsatu. Azarar rufinsa mahaifinta ne ya kawo a amalanke daga Dawce shekarar da aka yi aurensu, kuma ɗakin bai taɓa yoyo ba. Habsatu ta tafi Dawce ta'aziyya ta kwana uku. Da ta dawo ta tarar da gadonta da kwanonin jerenta a tsakar gida, an lulluɓe su da tabarma. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga kai, ta ga shirwa tana shawagi.

Ta tambayi azara. Manu ya ce ya ba samariya kyauta, an yanyanka an yi wa itatuwan nan goma da suka rage shinge, har Sani ya gode masa a bainar jama'a. Habsatu ba mai yawan magana ba ce. Ta ajiye ƙullin kayanta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Malam, to ni ina zan sa haƙarƙarina?"

"Kwana ashirin kawai. Za ki shiga ɗakin da ko matar kwamandan gari ba ta da irinsa."

"Na yau nake tambaya."

Akwai ɗakinsa mai rufin tol, da katifar da ya zo da ita daga Kano. Amma ya ce ɗakin ya zama biro, wato ofis, akwai takardun aiki a ciki, ya kuma sa masa kwaɗo. Takardun nan guda ɗaya ne: bayan kwalin sukari da ya zana da'ira a kai. Habsatu ta naɗe tabarma ta nufi gidan Indo, maƙwabciyarsu, wadda taubashiyar Manu ce. A bakin ƙofa ta juyo ta gaya masa cewa ranar da kaftin ya zo, ko dai ta kwana ƙarƙashin rufi a gidan nan, ko ta kwana a Dawce, kuma wannan karon ba ta'aziyya za ta je ba.

Aikin ya fara da neman ruwa. Rijiyar unguwa ta ja baya har sai an ƙulla igiya uku, mata na bin layi rabin yini don tulu ɗaya. Manu ya shiga layin da hular kwanonsa da garwa huɗu. Da matan suka ji laka zai kwaɓa, suka mayar da shi ƙarshe, kuma duk wadda ta zo sai ta gaishe shi da ladabi ta shiga gabansa. Azahar ta same shi inda hantsi ya bar shi. Sai ya sake dabara, ya bi gida-gida yana karɓar ruwan wanke-wanke, ya ce Nasara ya yi maganar wannan ma, ba a zubar da komai. Ciyawar kwaɓi babu, dabbobi sun riga shi, sai ya zuba ƙaiƙayi da 'yar dusar da ya samu. Tubalan suka fito da kyau. Ya shanya su a fili layi-layi, suna ƙanshin miyar kuka.

Awakin Indo ne suka fara ganewa. Wata shida ba su ga ɗanyen ganye ba, sai ga abinci mai gishiri an jera musu. Kafin Manu ya dawo daga masallaci sun gwaigwaye tubali sittin. Ya kai ƙara wajen Indo. Ta ce ai ita ya kamata ta yi ƙara, don ba a gaya mata ɗan kawunta ya buɗe gidan abinci ba, da ta turo har da tunkiya. Ya ce jahilci ne ke damunta. Ta ce gaskiya ne, ita ba ta yi karatu a kan ganga ba. Har yau ba a san wanda ya kawo mata labarin gangar ba. Manu dai bai sake ambaton awaki ba, ya koma gadin tubali da sanda.

Ranar da za a fara tulluwa aka tuna babu ƙarfe, babu waya. Manu ya kafa taɓaryar Habsatu a tsakiyar ɗakin. A maimakon waya ya kwanto robar taya, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan keke, ya ɗaura. Ya auna ta da metir sau biyu a gaban shaidu, ya ce daidai take.

Baba Bawa, tsohon maginin da ya yi rufin da aka cire, ya zo kallo. Ya kama bakin robar ya ja, ta biyo shi har ƙofa. Ya sake ta, ta koma. Ya ce shi dai a iya saninsa abin awo ne ke gaya wa magini inda zai tsaya, wannan kuwa magini ne ke gaya mata.

"Baba, zamaninku ya wuce," in ji Manu. "Ku kuka cinye giginyar ƙasar nan. Duk ɗakin da kuka rufa, hadari guda kuka kora."

Bawa ya ce haka ne, sun ci da yawa, kuma shi ma ya ji labarin ginin Damagaram, an ce yana da kyau in an iya shi. Ya tambaya ko Nasaran bai ce komai game da kaurin bango ba, tunda tulluwa tura bango waje take yi. Manu ya ce ya faɗa, amma magana ce ta masu karatu. Bawa ya ja baya. Ya shimfiɗa buzunsa taki biyar daga ginin, ya zauna.

Da safe, in Manu ya sha fura yana da ƙarfinsa, yakan ja robar sosai, tubali ya tafi nesa. In rana ta take yunwa ta kama shi, sai ya ja kaɗan. Da yake kullum daga gabas yake farawa, sai gabas ta yi tumbi, yamma ta shige ciki. Masu wucewa suka kasa daidaitawa a kan abin da ginin ya yi kama da shi. Wasu suka ce tozon raƙumi, wasu suka ce kabewar da aka zauna a kai. A rana ta shida robar ta kuɓuce masa ta fyaɗi hular kwano, har kajin Indo suka watse. Bawa ya mayar da buzunsa taki takwas. A rana ta tara bangon kudu ya tsage, Manu ya cike tsagar da laka ya ce numfashi ginin yake yi. Bawa ya koma taki goma sha biyu. Mutanen unguwa suka daina tambayar Manu yadda aiki ke tafiya. In sun fito sai su duba inda buzun Bawa yake.

Habsatu tana kawo masa abinci kullum daga gidan Indo, inda take kwana a rumfar girki tsakanin tukwane. Ta kan ajiye kwano, ta dubi ginin, ta dubi kayanta da rana ke ci a ƙarƙashin tabarma, ta ɗauki kwanon jiya ta tafi. Rannan ya tsayar da ita ya ce ta shiga ta ji sanyi. Ta ce ta gode, daga nan ma tana ji.

Sani ya zo duba aiki, ya ga tumbin gabas, ya yi tsaye yana shafa haɓa. Don ya kwantar masa da hankali Manu ya ce ai ba gini kaɗai kaftin zai gani ba. Gidan nan ko girki ba za a ƙara yi da itace ba, rana ce za ta dafa. Ya ciro babbar tasar jeren Habsatu, ya manne cikinta da takarda mai walƙiya ta kwalin sigari, ya jingina ta tana kallon rana, ya rataya butar shayi a gabanta. Daga hantsi zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin wankan jariri. Abin da ya dahu shi ne dangar Indo ta kara, inda hasken ya je ya taru, har sai da aka kashe wutar da ruwan kwaɓi. Indo ta leƙo ta hudar da wutar ta yi, ta ce ta gode da taga, ta daɗe tana son ganin yadda ake aikin boko. Habsatu ta zo ta ɗauki tasarta, ta kankare takardar da farce.

Kwana ashirin suka zama talatin da biyar. Saura kwana ɗaya kaftin ya iso, zoben ƙarshe ya ƙi haɗuwa. A saman tulluwar, ba ma a tsakiya ba, akwai rami mai faɗin bakin tukunyar biki, kuma duk tubalin da Manu ya miƙa sai ya faɗo ciki. Ya dubi hagu da dama, ya ɗauko wani babban matankaɗi, ya rufe ramin, ya shafe shi da laka ciki da waje. Bawa yana kallo daga ƙofar masallaci, don can buzunsa ya kai.

Kaftin ya iso da hantsi tare da sojoji biyu. Saurayi ne siriri, ga alama ya gaji. Gari tara ya bi ana nuna masa ramukan da aka taɓa dasa itace a ciki. Duk unguwa ta fito. Habsatu ta zo ta tsaya a gefe da ƙullin kayanta a ka, don motar Dawce bayan azahar take tashi.

Kaftin ya zagaya ginin sau ɗaya, ya tsaya a gabas ya karkata kai, ya tambaya ko haka aka so ya zama. Manu ya ƙame ya sara masa, ya ce haka aka so, tumbin nan shi ke tara sanyi. Ya ce ɗakin ya ceci giginya huɗu, ya hana hayaƙin buhun siminti talatin hawa sama, in kowa ya yi irinsa damina za ta dawo da ƙafarta. Kaftin ya ce ya ga na Damagaram, a gabansa mutum goma suka hau kai bai motsa ba.

"Goma, ranka ya daɗe? Wannan ashirin zai ɗauka, har da jaki."

"Goma sun isa," in ji kaftin. Ya juya ya dubi Sani da 'yan samariya.

Sani ya tuna yana da ciwon gwiwa. Wani ya ce shi ko raƙumi ya hau jiri yake yi. Wani ya sulale ya shige cikin mata. Bawa ne ya cece su. Ya taso daga ƙofar masallaci a hankali, ya gaida kaftin, ya ce a al'adar magina wanda ya yi rufi shi ke fara taka shi, shi kaɗai, kada wani ya riga shi samun albarkar. Kaftin ya ce al'ada ce mai kyau.

Aka jingina tsani, Manu ya hau, yana hawa yana bayani. Da farko rarrafe yake yi. Amma da ya kai sama ya ga duk unguwa a ƙarƙashinsa, har da hular soja, sai tsoro ya sake shi. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu, ya ce jama'a su shaida, ya ja taki ɗaya baya don na nesa su gan shi. Matankaɗi ya karɓe shi. Ya nutse har hammata, hannuwa a baje a kan tulluwa, ƙafafu a ciki suna lilo. Ginin ya yi wani nishi, tsagar kudu ta buɗe, zoben sama ya matso ya kama shi a ƙirji, sannan komai ya tsaya cak.

Sojojin suka nufi tsani. Bawa ya ɗaga hannu ya ce kada a taɓa shi tukuna. Ya zagaya, ya leƙa ta ƙofa, ya dawo ya gaya wa kaftin cewa ginin ya sami tubalin da yake nema tun jiya: yanzu Manu ne ke riƙe da shi. In an hau an ja shi, duka za su zube tare. Sai an nemo dogon tsani an gitta daga katanga zuwa katanga, a ɗaga shi sama lokaci guda. Kaftin ya aiki soja ɗaya da mota ya nemo.

Manu ya buɗe baki zai yi bayani, ƙasa ta zubo daga tsagar kamar ana tankaɗe. Ya sake gwadawa, tubali guda ya faɗa ciki.

"Ɗana," in ji Bawa, "ƙirjinka ne ke tura shi. In kana son ranka, kada ka yi magana."

Unguwar ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba. Indo ta ce a bar shi haka har Salla.

Habsatu ta sauke ƙullinta. Ta tambayi Bawa ko ginin zai jure mutum ya shiga ya fito. Ya ce zai jure, muddin mai gidan ya yi shiru. Ta gyara mayafi ta shiga, jama'a suna leƙe ta ƙofa daga nesa. Ta jawo turmin da Manu ke takawa wajen aiki, ta hau, ta kama aljihun wandonsa. Sannan ta yi magana yadda na waje za su ji.

"Malam, ga kaftin, ga Baba Bawa, ga jama'a. Makullin ɗakinka zan ɗauka. Ɗakin ya zama nawa har ranar da aka mayar mini da rufi mai kyan wanda na bari. In ba ka yarda ba, ka faɗa."

Daga waje ana ganin fuskar Manu tana kumbura. Leɓɓansa suka motsa, ƙasa ta zubo, ya mayar ya rufe.

"Ban ji ya ƙi ba," in ji kaftin.

Ta zaro makullin, ta sauko, ta tumɓuke taɓaryarta daga tsakiyar ɗakin, ta fito tana kakkaɓe mayafi. Mata suka kama mata gado da kwanoni.

Tsani ya iso gab da azahar. Aka gitta, sojojin suka kwanta a kai, suka kama Manu ta hammata suka ƙirga uku. Ya fito kamar an zare toshiyar tulu, takalminsa ɗaya ya saura a ciki. Tulluwa ta ɗan jira, sannan gabas ta kwanta, yamma ta bi ta, bangon kudu ya fita waje ya zauna daidai inda buzun Bawa yake a ranar farko. Kaftin ya daɗe yana duban tarin ƙasar. Ya ba da umarni cewa ranar Litinin Manu ya isa furojen Damagaram, ta ƙofa, ya yi lebura har sai maginan can sun ce ya iya. Sannan ya ciro littafinsa ya rubuta cewa a Matameye an gwada ginin da ba itace, kuma ya duba da idonsa, babu itace a ciki.

Kafin motar soja ta sha kwana, Manu ya dawo da muryarsa. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da siminti ne da tuni ana haƙa masa kabari, wannan kaɗai ya isa shaida. Kuma kowa ya ji, gwamnati ce da kanta ta tura shi ƙarin karatu. Da jama'a suka watse ya nufi ɗakin tol yana ɗingishi da takalmi ɗaya. A bakin ƙofa ya tarar da tabarmarsa a naɗe, da bargo, da buta. Habsatu tana ciki tana jera kwanoninta. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban rufin.

"Habsatu, tol ɗin nan fa zafi gare shi. Kuma na gano inda kuskuren yake. In aka cire shi, cikin kwana goma..."

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. Ta tura ƙyaure, ta sa sakata.